Gidan Mutane, Hostal ko Haya da 'Yan Gida: Ina Ɗalibinmu Zai Sauka a Turai?

Ranar Alhamis ɗin da ta wuce, bayan an watse daga kasuwar Maigatari an yi sallar isha'i, Yaya ya aiko yaro ya kira ni zaure. Na tarar da shi da babban ɗansa zaune a tabarma, suna haska wata takarda da fitilar waya. Yaron ya samu gurbin digiri na biyu a Jamus, fannin noman rani da ban-ruwa, kuma kafin a shiga aji zai yi wasu watanni yana koyon Jamusanci. A ƙasan takardar akwai tambayar da ta hana su sakat: ina yake so ya sauka? Gidan wani iyali da makarantar koyon harshen za ta haɗa shi da su, ko ya shiga layin neman ɗaki a hostal, ko kuwa ya nemi haya da kansa?

"Kai ka je ka gani," in ji Yaya. "Gani ya kori ji. Sai ka faɗa mana."

Na yi shekara biyu da 'yan watanni a ƙasar, kuma na ɗanɗana ukun duka. Wata biyar na yi a gidan wasu dattawa, mata da miji, na yi shekara guda a hostal, ragowar kuma haya muka kama ni da wasu 'yan Najeriya biyu. Abin da na gaya musu a daren nan shi zan maimaita, don na san ba a gidanmu kaɗai ake wannan shawara ba, daga nan ƙasar Gumel har Ɗambatta.

Ba kowane ɗalibi ke da wannan zaɓi ba. Wanda ya samu Jami'ar Musulunci ta Madina masaukinsa na jiransa. Ɗaliban Azhar da yawa a Madinatul Bu'us suke kwana a Alƙahira. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya da wurin kwanansa yake zuwa, haka ma galibin waɗanda gwamnatocin jihohi ke turawa rukuni-rukuni, irin shirin ɗalibai 1,001 da gwamnatin Kano ta farfaɗo da shi a 2023 zuwa Indiya da Uganda. A ɗaya gefen kuma akwai shirin YES da Majalisar Amurka ta kafa a 2002, wanda ya kai yaran sakandare daga Najeriya karatu a Amurka, kuma shi zama a gidan iyali shi ne shirin gaba ɗaya, babu wata maganar hostal. Inda mutum ke tsayawa a mararraba shi ne irin su Jamus, Ingila, Faransa, Kanada da Ostireliya. Ni Jamus na sani, don haka a kanta zan fi tsayawa.

Da na ambaci gidan iyali sai Yaya ya saki fuska. Ya ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, ko fataken shanu da ke zuwa Maigatari daga Nijar gidan fatoma suke sauka, mu ma a gidan nan an yi riƙon 'ya'yan dangi ba ɗaya ba ba biyu ba. Na ce masa kamar da akwai, amma kama da wane ba ta wane. A wurinmu baƙo ba ya tambaya, ana karanta buƙatarsa a fuskarsa. A can, abin da bakinka bai furta ba, ba ka buƙatarsa ke nan.

A daren da na sauka na koyi wannan. Na kwana a hanya, na yini a jirgin ƙasa, cikina babu komai sai ruwan shayi. Ƙarfe shida da rabi uwargidan ta jera burodi baƙi da cuku da tumatir da kokwamba a tebur, ta ce bismilla da nasu yaren. Ni kuwa ɗan gidan tarbiyya, na sunkuyar da kai na ce na gode, na ƙoshi. Jira nake ta sake tayi, in ƙara noƙewa, a karo na uku in miƙa hannu kamar an tilasta ni. Sai kawai ta ce to, ta kwashe farantina ta mayar kabad. Suka ci nasu ina kallo. Na kwana ina juyi, hanjina na kiran ciroma, kuma babu wanda ya yi mini laifi. Ita ta ɗauka ta girmama maganata ne. Daga baya da muka saba na ba ta labari, ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta tambaye ni da gaske: to me ya sa ka ce ka ƙoshi? Na rasa amsar da zan ba ta. Yaya za ka fassara kara ga wanda babu ita a yarensa?

Shi kansa abincin sai an yi haƙuri. A gidajen Jamusawa da yawa, musamman na tsofaffi, abinci mai zafi da rana ake cinsa, da dare kuwa burodi ne da ɗan abin ɗorawa, har sunan cin daren ma burodin yamma suke ce masa. Ga wanda ya saba da malmalar tuwon dawa biyu da miyar kuka kafin ya kwanta, wannan taɓa-ka-lashe ne. Makon farko na rame. Sai da na buɗe baki na ce ina so a bar ni in riƙa dafa shinkafa ko taliya da dare, nan take aka ware mini tukunya da gefe guda a firji. Da ma tun ranar farko na tambaya, da an ba ni.

Maganar halal kuwa ba a barinta sai an isa. Naman alade ba a cikin kasko kaɗai yake ba. Yana cikin tsiran da ake yankawa a kan burodi, yana cikin romon da ake haɗa miya da shi, har alewar yara mai danƙo sau da yawa da sinadarin fatarsa da ƙashinsa ake yinta. Wasu miyoyin kuma ana zuba musu giya. Mutanen gidana ba mugunta gare su ba, sani ne ba su yi ba, kuma da na yi musu bayani sau ɗaya ba su sake mantawa ba. Muka daidaita a kan kifi da ƙwai da ganye idan tare za mu ci, nama kuwa ni nake sayowa a shagon Turkawa, waɗanda da wuya ka shiga gari mai ɗan girma a Jamus ka rasa su. Masallacin da na riƙa zuwa Juma'a ma nasu ne, huɗuba da Turkanci, wani lokaci a ɗan taƙaita da Jamusanci.

Abin da ya kusa haɗa ni rigima da uwargidan ba abinci ba ne, banɗaki ne. Babu buta, babu magudanar ruwa a ƙasa, ga darduma shimfiɗe a gaban wurin wanke hannu. Ni kuwa sau biyar a rana ina alwala, ina ɗaga ƙafa in sa a kwamin, ruwa na fallatsa ko'ina. Kwana na huɗu ta tsayar da ni a bakin ƙofa, ta dube ni ido cikin ido ta ce ƙasan banɗakin kullum a jiƙe yake, mijinta tsoho ne, in ya zame ya karye fa? Babu kwana-kwana, babu "don Allah kada ka ji haushi". Raina ya sosu, har na fara tunanin ko korar-kare ake yi mini. Ba haka ba ne. Haka suke magana da 'ya'yan cikinsu. Na koma yin alwala a cikin kwamin wanka, na ajiye tsumma na goge duk inda ya jiƙe, na mayar da wata robar ruwa buta. Magana ta mutu a nan, ba ta sake tasowa ba, ba kuma a riƙe ni a zuci ba.

Akwai ƙananan abubuwa da yawa irin wannan, kowanne shi kaɗai ba komai ba ne, amma idan suka taru a wata na farko sai ka ji kamar ƙaiƙayi ya shiga rigarka. Sunkuyar da kai gaban babba, wanda a nan ladabi ne, a can sai a ɗauka kana ɓoye wani abu. Dattijon gidan ya girmi mahaifina, amma ya nace in kira shi da sunansa gatsau, na yi wata biyu ina kewaye-kewaye don bakina ya ƙi ɗauka. Idan an ce cin abinci ƙarfe shida da rabi, to shida da rabin ake nufi, in ba za ka dawo ba kuma ka faɗa tun da rana. Shara kala-kala ce, takarda daban, roba daban, ragowar abinci daban, kwalba daban, robar ruwa da gwangwanin lemo kuwa ba a yar da su, shago ake mayarwa a karɓi santi 25 a kan kowanne. Daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe ba a hayaniya, ranar Lahadi kuma shaguna a rufe suke, unguwa tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Ni kuwa daidai lokacin da 'yan gida ke samun sukunin kira ke nan, bayan isha'i, a miƙa wa wannan waya a miƙa wa wancan, kowa sai ka ɗaga murya saboda sabis ɗin ƙauye. Sauƙin abin ma shi ne agogonmu da nasu ɗaya ne a lokacin sanyi, da bazararsu ne kawai suke gaba da mu da awa guda. Na roƙi Inna ta riƙa sa a kira ni bayan la'asar.

Sai kare. A gidan da na zauna akwai shi, kuma ba a ƙofar gida yake kwana ba, a falo yake, yana da katifarsa da kwanonsa da likitansa. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kanta kare mai rai ba najasa ba ne, amma abin da littafi ya ce daban, abin da zuciya ta saba daban. Na nemi alfarma guda, kada ya shiga ɗakina saboda a nan nake salla. Suka amince, kuma har na tashi bai taɓa tsallake dokin ƙofar ba. Wanda ya san ba zai iya kwana rufi ɗaya da kare ba, ya rubuta haka a takardar tun yanzu. Ana tambaya, kuma ba abin kunya ba ne.

Duk wannan wahalar me aka saya da ita? Harshe, da farko. A aji awa huɗu ake koya maka Jamusanci, a gida kuwa daga "miƙo gishiri" har labarin yaƙi da dattijon ke ba ni na zamanin yarintarsa, duk darasi ne. Muna ajin nan da wani ɗan Kaduna da ya fi ni kai nesa ba kusa ba, amma a wajen 'yan'uwansa ya sauka. Bayan wata huɗu shi ya fi ni cin jarrabawar nahawu, ni nake yi masa tafinta a asibiti.

Na biyu, jagora. Jamus ƙasar takarda ce. Doka ta ce cikin kwana 14 da tarewa ka je ofishin gari ka yi rajistar adireshinka, kuma sai da takardar shaida daga mai gidan. Da wannan rajistar ake bin sauran abubuwa, izinin zama da harkar banki da lambar haraji. Dattijon nan da kansa ya ɗauke ni a mota, ya cike fom, ya zauna kusa da ni har aka buga hatimi. Shi ya koya mini karanta jadawalin bas, shi ya gyara mini tsohon keken ɗansa, shi ya kai ni gonar wani abokinsa inda na fara ganin yadda ake ban-ruwa da ɗigo. Da zazzaɓi ya kwantar da ni a watan Disamba, lokacin da rana ke faɗuwa tun kafin ƙarfe huɗu na yamma, uwargidan ce ta lura ban sauko karin kumallo ba ta hau ta ƙwanƙwasa.

Kada dai a ɗauka kowane gida haka yake. Na yi dace ne. Akwai waɗanda kuɗin kawai suke so, su ba ka ɗaki a can ƙarƙashin gida, a ƙirga maka yankan burodi, ba mai ce maka ci kanka. Kuma mai zama a ɗaki cikin gidan da mai shi ke ciki ba shi da kariyar da ɗan haya sosai ke da ita. A dokar Jamus, idan ɗakin da kayan mai gida ne kuma cikin gidan da yake zaune, zai iya ba ka sanarwa zuwa 15 ga wata ka tashi a ƙarshen watan nan. A Ingila ma haka abin yake da rauni: mai zama tare da mai gida ba dole ba ne a ajiye kuɗin ajiyarsa a asusun kariya kamar na ɗan haya, kuma ba sai an je kotu za a sallame shi ba. Shi ya sa gidan da makaranta ta haɗa ka da shi ya fi wanda ka tsinta a intanet, domin akwai ofishin da za ka kai kuka a sauya maka. Ga kuma nisa. Masu ɗakin da ya yi saura galibi a bayan gari suke, ni sai na yi kusan minti arba'in a hanya kafin in isa aji, bas ɗin ƙarshe kuma ba ya jiran wanda ya tsaya hira.

Hostal labarinsa gajere ne. Shi ya fi araha, yawanci yana kusa da makaranta, wuta da ruwa da ɗumama ɗaki duk suna cikin kuɗin, ba mai tambayar ka ina za ka ko yaushe za ka dawo. Matsalarsa samu. Ɗakunan hukumar jin daɗin ɗalibai ba su wuce su ɗauki kamar ɗaya cikin goma na ɗaliban ƙasar ba, a manyan birane irin su Munik da Balin kuwa ana iya shafe zango guda ko fiye ana jira. Idan ka samu, ɗakin naka ne, amma kicin na kowa ne. Za ka buɗe firji ka ga tsiran alade a saman robar miyarka, kaskon da ka wanke ka kife ka dawo ka tarar an soya abin da ba ka sani ba a ciki. Na sayi tukwanena na riƙa ajiye su a ƙarƙashin gado. Maza da mata sau da yawa a baranda ɗaya suke, daren Juma'a da na Asabar kuma kiɗa da kwalabe har tsakar dare. Kuma da yake rabin maƙwabtanka baƙi ne irinka, daga Indiya da Sin da Kamaru da Siriya, Turanci ake yi. Jamusancin da na tara a wata biyar a nan ya fara tsatsa.

Abin da ba a faɗa game da hostal shi ne kaɗaici. Mutum ɗari biyu a gini ɗaya, amma kana iya kwana uku a kwance ba wanda ya sani. Yaron da ya tashi a gidan gandu, wanda bai taɓa cin abinci shi kaɗai a kwano ba, ranar da ya rufe ƙofa ya zauna da faranti a cinya yana kallon bango, ranar zai san ya bar gida.

Haya da 'yan gida kuwa ita ce mai daɗin. Ba zan yi ƙarya ba, watannin nan su ne na fi walwala. Muna jam'in salla a falo, muna tuƙa tuwon semo mu kaɗa kuka da daddawar da aka aiko, da azumi mu tashi juna sahur, a yi Hausa har a gaji. Amma kafin ka kai ga wannan daɗin sai ka haye kogi. Mai gida na iya neman kuɗin ajiya har na wata uku, wanda shi ne iyakar da doka ta yarda. Gidaje da yawa babu komai a ciki, wani ko murhu da kwamin wanke-wanke babu, sai ka saya ka kafa. Ga harajin rediyo da talabijin, yuro 18.36 a wata a kan kowane gida, ko kuna kallo ko ba ku kallo, wanda a gidan iyali ba ruwanka da shi tunda sun riga sun biya. A ƙarshen shekara kuma a kawo lissafin ɗumama gida da ruwa. Mu da muka riƙa murɗa na'urar ɗumama har ƙarshe muna yawo da singileti a watan Janairu, da takardar cikon ta zo sai da aka yi kwana biyu ba a gaisa ba, kowa na cewa wane ne ya fi ƙona wuta. Zo mu zauna, zo mu saɓa.

Sannan baƙon da bai sauka ba tukuna ba shi da yadda zai gane gidan gaske da na bogi. 'Yan damfara sun san da haka. Za a turo maka hotunan ɗaki mai kyau, a ce mai gidan ya yi tafiya, ka tura kuɗi a aiko maka mukulli. Kada a tura ko sisi a kan ɗakin da wani naka bai shiga da ƙafarsa ba. Haka kuma duk ɗakin da aka ce maka "amma ba za a iya rajistar adireshi da shi ba", komai arharsa ka bar shi, don kusan duk takardunka a kan wannan rajistar suke rataye.

Akwai wata hanya ta huɗu da na ga wasu sun bi, wadda ta tuna mini da almajiri da uwar ɗakinsa. A wasu garuruwan jami'a ana haɗa ɗalibi da tsoho ko tsohuwa mai zaman kaɗaici, maimakon kuɗin haya sai ya riƙa taimakawa da cefane, shara ko aikin lambu. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce awa ɗaya a wata a kan kowace murabba'in mita ta ɗakin, sai ya biya kuɗin wuta da ruwa kawai. Tana da kyau, amma sai wanda bakinsa ya riga ya buɗe da yaren.

Yaya dai hankalinsa na kan kuɗi, kuma da gaskiyarsa. Wanda zai je da aljihunsa, tun daga watan Satumba na 2024 sai ya nuna yuro 11,904 na shekara a asusun da ake toshewa, ana sakar masa 992 duk wata. A ciki zai biya ɗaki, inshorar lafiya, abinci da komai. An yarda ɗalibi ya yi aiki kwana 140 cikakku a shekara, amma kada a ɗora lissafin watannin farko a kan aikin da ba a samu ba. A ido, gidan iyali ya fi hostal tsada. Sai dai a tuna a cikin kuɗin akwai abinci sau ɗaya ko biyu a rana, akwai gado da bargo da injin wanki da intanet, ba ka sayen ko cokali. Haya ita ce mai cin kuɗi a tashin farko, daga baya ta yi sauƙi idan kuna raba komai uku.

Ana cikin haka sai ga Inna ta leƙo daga soro, ashe tun ɗazu tana ji. Ta ce, "Ni maigidana za a kai gidan da ba a kiran salla? Wa zai tashe shi sahur?" Yaron ya yi dariya ya ce, "Hajiya, ai waya na da ƙararrawa." Na ce mata ko a hostal ɗin ma ba ladan, kuma ni azumin da na yi a gidan mutanen nan, uwargidan kullum sai ta rufe mini rabona ta ajiye, har dabino ta sayo da ta ji an ce da shi muke buɗe baki. Inna ta yi shiru, sannan ta ce, "To, Allah ya shirye ta." A wurinta wannan babban yabo ne.

Shawarar da na ba su ita ce ya sauka a gidan iyali na tsawon watannin koyon harshe, amma a ranar da ya cike wannan takarda, a ranar zai cike ta neman hostal, don layin ya riƙa tafiya yana can. In karatu ya kankama, dare ya fara yi masa a ɗakin karatu, sai ya koma kusa da makaranta. Haya da 'yan gida a bar ta sai shekara ta biyu, lokacin da ya san gari, ya san halin waɗanda zai zauna da su, harshen kuma ya zauna a bakinsa yadda Hausar falo ba za ta kore shi ba.

Ba kowa zan ba wannan shawarar ba. Magidanci mai shekara arba'in, wanda ya saba a kawo masa ruwan wanka a durƙusa, ba zai ji daɗin wata tsohuwa ta ce masa ya kwashe farantinsa ya sa a injin wanke-wanke ba, gara ya nemi ɗakinsa. Wanda karatunsa da Turanci ne, shekara ɗaya zai yi ya dawo, ribar harshen ba ta kai ta biya masa nisan hanya ba. Idan 'ya mace ce kuwa, na fi karkata ga gidan iyali fiye ma da namiji, da sharaɗin a nemi gidan mace ita kaɗai ko dattawa marasa samari a gida, ɗakin kuma yana da mukulli ta ciki. Yaron da bai kai 18 ba shi ma magana ta ƙare, ƙasashe irin su Ostireliya sai an nuna babban da zai tsaya masa kafin a ba shi biza.

Abin da ya fi shekaru da jinsi nauyi a wurina shi ne bakin yaron. Zai iya duban dattijuwa ya ce "ba na cin wannan", ko "ban ƙoshi ba", ko "ban gane ba, maimaita"? Wanda zai iya, gidan iyali zai yi masa riga da wando. Wanda kunya za ta sa ya haɗiye komai, zai zauna da yunwa da ƙullaci a gidan mutanen da ba su ma san sun yi masa wani abu ba, ya dawo yana cewa Turawa ba su da kirki.

Don haka na ce ɗan nawa ya ɗauko waya ya rubuta wa makarantar tambayoyinsa a gabana: sau nawa ake ba da abinci, za a bar shi ya yi girki, akwai kare ko kyanwa, su wa ke cikin gidan, minti nawa ne zuwa aji, za su ba shi takardar rajistar adireshi, in zaman bai yi ba kwana nawa ake ɗauka a sauya masa. Ya duƙufa yana rubutu, ya gama ya miƙo mini. Layi biyar na gaisuwa da godiya da fatan alheri, tambayoyin kuma ya nannaɗe su da ban-haƙuri, maganar alade da giya babu ita sam.

"Ina zancen abinci?"

Ya sosa ƙeya. "Baffa, kada su ga kamar na cika fitina tun ban zo ba."

Na mayar masa da wayar na ce ya goge layi huɗu na gaisuwar, ya sa maganar abincin a farko. Ya sake rubutawa, na sa ya karanta da ƙarfi har sau biyu, Yaya na gyaɗa kai.

Inna kuwa ta riga ta wuce wurin, ta shiga lissafin guzuri: kuka, kuɓewa busasshiya, daddawa, yaji, da kilishi mai yawa. Na ce kilishi da dambun nama da man shanu a bar su a gida, Tarayyar Turai ba ta yarda matafiyi ya shiga da nama ko kayan madara daga ƙasashenmu ba, a filin jirgi za a ƙwace a zubar. Ta yi salati ta ce wannan wace irin ƙasa ce. Can kuma ta juyo ta tambaye ni ita matar gidan me za a kai mata, don jikanta ba zai shiga gidan mutane hannu rabbana ba. Na ce faifai mai ado guda biyu da zoɓo sun isa. Ta ce biyu sun yi kaɗan, huɗu za ta sa a saƙa, kuma in tuna mata ranar Alhamis a sayo buta ƙarama wadda za ta shiga jaka.